A Ceto Fanfunan Iska, Jigo da Duwatsun Niƙa Kafin 'Yan Gwangwan Su Gama da Su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana kan wani gado da yake zubewa a hannunmu a nan arewacin Kamaru, ba wanda ya ce uffan. Muna nufin kayan da aka yi niƙa da ɗiban ruwa da su kafin injin dizal ya shigo: dutsen niƙa da ɗansa, jigon lambu, da fanfunan ruwa masu aiki da iska da ake iskewa nan da can a bakin tsofaffin rijiyoyi, sun yi tsatsa, wutsiya ta karkace. Ƙarfen kilo-kilo ake sayar da shi ga 'yan gwangwan. Dutsen kuwa ya koma murhu ko matakin ƙofa, tsohuwar da ta san yadda ake koɗa shi ta kusa barinmu da saninta.

Kakanninmu ba su gina injin niƙa na iska ko na ruwa irin na wasu ƙasashe ba. Gero da dawa a turmi ake surfa su, a kan dutse ake niƙa su, kuma yawancin rafukanmu na damina ne. Amma waɗanda suka gaji irin waɗancan injinan sun riga mu gane yadda ake riƙe su, kuma darasinsu ya shafe mu kai tsaye.

Tun ƙarni na 10 malaman Musulunci masu rubuta labarin ƙasa, irin su al-Istakhri da al-Mas'udi, suka ambaci injinan niƙa na iska a Sistan, gabashin Iran. Har gobe akwai irinsu a garin Nashtifan, an gina su da laka da ciyawa da itace. Sandar tsakiyarsu a tsaye take, fukafukai suna sama, dutsen niƙa yana ɗakin ƙasa, bango kuma ya kare gefe guda domin iska ta bugi rabin fukafukan kaɗai. Abin da ya sa dabarar ta ci shi ne iskar yankin tana kaɗawa daga fuska ɗaya na tsawon kwana 120 a shekara. Abin da ya sa suka kai yau kuwa shi ne yaɓe da sauya itace ba fashi.

A Holan, inda aka taɓa samun irin waɗannan injinan kusan 10,000 a ƙarni na 19, saura kimanin 1,200. A 1923 suka kafa ƙungiyar kare su mai suna De Hollandsche Molen, a 1972 kuma aka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai masu koyon sarrafa su, ba a sakar wa mutum injin sai ya yi horo ya ci jarrabawa. Injina 19 na Kinderdijk, waɗanda aka gina wajen 1740 domin kwashe ruwa daga ƙasa mai kwari, sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1997. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne na 2017, lokacin da UNESCO ta yi rajistar sana'ar mai niƙan kanta. Mutanen nan sun gane cewa injin da ba ya juyawa mutuwa yake yi. Ruwa yana kwanciya a gefe ɗaya na itace ya ruɓe, sandar tsakiya ta lanƙwashe don nauyi ya zauna mata a wuri guda, mai ya bushe, tsuntsaye su yi sheƙa a cikin giya. A wurinmu sai a ƙara da gara da ƙurar hunturu. Saboda haka duk mai son adana irin wannan kaya, ya sa a ransa cewa gyara shi zai yi ya yi aiki, ya kuma koya wa wani.

Mu fara da fanfon iska, tunda shi ne ya fi kusa da ɓacewa. Asalinsa Amurka ne. Daniel Halladay ya fito da mai juya kansa ga iska a 1854, kamfanin Aermotor ya fara nasa a 1888, samfurinsa na 702 da ya fito a 1933 kuma har yanzu ana ƙera kayan gyaransa. Daga baya maƙera a ƙasashe da dama sun kwaikwayi tsarin. Akwai hasumiyar ƙarfe mai ƙafa uku ko huɗu, tsawonta yakan kai mita 10 zuwa 12. A samanta akwai fanka mai fukafukai da yawa, sau tari 18, faɗinta mita 2.4 zuwa 3 ko fiye. Bayan fankar akwai akwatin giya da yake mai da juyi ya zama hawa da sauka, sai wutsiya mai fuskantar da fanka ga iska. Rodi yana sauka ta cikin bututu har zuwa silinda a cikin ruwa, inda fistin mai ƙoƙon fata da bawul biyu suke ɗaga ruwan. Yawan fukafukan ne yake ba ta ƙarfin tashi da iska kaɗan, wajen mita 3 a daƙiƙa, ko da yake ba ta gudu sosai.

Yawancin waɗanda aka yasar ba mutuwa suka yi ba, ƙaramin abu ne ya tsayar da su. Wanda ya san aikin yana gane ciwon daga ƙasa kafin ya hau. In fanka tana juyi amma ruwa yana fitowa kaɗan-kaɗan, fatar fistin ce ta cinye, kuma rairayi ne ya cinye ta, ko dai don silinda ta sauka kusa da gindin rijiya ko don babu rariya a bakinta. A ɗaga ta aƙalla rabin mita daga ƙasan rijiya. In ruwa yana zuwa sosai amma da iska ta tsaya ta dawo sai an daɗe kafin ya sake fitowa, bawul ɗin ƙasa ne yake yoyo, ruwan bututu yana komawa rijiya. In fanka tana gudu sakayau, rodin sama yana hawa da sauka ba ko ɗigo, to rodi ya kwance a mahaɗa ko ya karye a ciki. In kuwa ana jin ƙara gwaf-gwaf a kowane hawa, ko dai noti ya saki ko hasumiya ta karkata har rodi yana gugar bututu. Wannan karkata ta fi faruwa a ƙasar karal, wato ƙasa mai laka inda ake noman masakwa, domin tana dararewa da rani ta kumbura da damina, sai ƙafa ɗaya ta nutse. A rataya igiya mai nauyi daga tsakiyar hasumiya, in ba ta faɗa tsakiyar bututu ba, a gyara gindi kafin a taɓa komai.

Fatar fistin ba sai an yi odarta daga waje ba. Majeman Marwa sun shahara, kuma fatar sa mai kauri milimita 4 zuwa 5 da aka jeme da bagaruwa ita ake so. A yanka ta da'ira, a jiƙa ta har ta yi laushi, a danna ta cikin ma'aunin itace mai faɗin silinda ta kwana ta bushe a siffar ƙoƙo, a fere bakin, sannan a shayar da ita narkakken kitse mai ɗumi. Kitse mai zafi sosai ƙona fata yake, ta yi tauri ta tsage a makon farko.

Akwatin giya irin na 702 a cikin mai yake wanka, sau ɗaya a shekara ake juye tsohon a zuba sabo. Lokacin da ya fi dacewa a wurinmu shi ne bayan hunturu ya wuce, kafin ruwan farko. Mai mara kauri ake zubawa. Masu cusa giris don suna ganin ya fi ƙarko suna kashe injin ne, domin giris ba ya hawa zuwa boris ɗin sama, kuma yana kama ƙura ya zama abin goge ƙarfe.

Abin da ya fi karya su gaba ɗaya shi ne guguwar farkon damina. An ƙera fankar ne a ɗan goce daga tsakiyar hasumiya, ta yadda in iska ta yi yawa sai ta ture ta gefe ta naɗe tare da wutsiya, sifirin ya dawo da ita in an lafa. Da zarar sifirin ko maratayin wutsiya ya ci tsatsa ya ƙage, fanka za ta tari guguwa gaba da gaba, fukafukai su tashi. Minti goma na shafa mai a watan Maris yana hana wannan. Kuma kada kowa ya hau sai an ja wayar da ke karkatar da wutsiya an naɗe fanka, an ɗaure ta da igiya, akwai mutum na biyu a ƙasa. Wutsiya tana iya juyowa ta share mutum daga kan dandamali ko da iskar ba ta kai ta kawo ba.

Wani lokaci ma ba abin da ya lalace. Dogonyaro ne da aka dasa yana ƙarami ya girma ya tare iska. Ƙa'ida ita ce fanka ta ɗara duk abin da ke kewaye da ita cikin mita 120 da kamar mita 5.

Kafin a kashe ko dala a gyara, a yi lissafi. Ƙarfin iska ba ya tafiya daidai da gudunta: in gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka takwas. Masu wannan sana'a suna da ƙiyasi mai sauƙi. A ɗauki faɗin filin da fanka take sharewa, a ninka da matsakaicin gudun iska sau uku a jere, a raba da 10. Fanka mai faɗin mita 3 tana share murabba'in mita 7. In matsakaicin iska mita 4 ne a daƙiƙa, 7 sau 64 (wato 4 sau 4 sau 4) a raba da 10 ya ba da wat 45, wanda zai ɗaga kusan lita 20,000 a yini da dare daga zurfin mita 20. In iskar mita 3 ce, abin ya faɗo zuwa wajen lita 8,000. Bambancin mita ɗaya kacal ya cinye fiye da rabin ruwan. Shi ya sa ake auna iskar wurin da kansa, kuma ake gina tanki mai ɗaukar ruwan kwana uku saboda ranakun da iska take kwanciya. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa babbar silinda a rijiya mai zurfi don kwaɗayin ruwa, sai fanka ta kasa tashi sai an yi iska mai ƙarfi. Ƙaramar silinda mai aiki kullum ta fi tara ruwa.

Injin niƙa na ruwa kuwa ba ko'ina zai yiwu ba. Rafukan Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga na Marwa rairayi ne zalla yawancin shekara. Binuwai a Garwa yana da ruwa, amma shimfiɗe yake ba gangara, kuma ambaliyarsa ba ta barin gini a baki. Wurin da ya dace shi ne tudun Adamawa, kewayen Ngaundere, mai tsayin kimanin mita 1,100 da ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara, inda rafukan da ke zuba cikin kogin Vina suke gangarowa kan duwatsu. A can makarantar koyon sana'a za ta iya gina ɗaya domin koyarwa, ya kuma yi wa ƙauye niƙa.

Abu biyu ake aunawa, kuma a watan Maris ake auna su, lokacin da ruwa ya fi janyewa. Na farko yawan ruwa: a zaɓi wuri miƙaƙƙe mai tsawon mita 10, a auna faɗi da matsakaicin zurfi, a jefa gora mai rabin ruwa a ga daƙiƙa nawa za ta yi, a ninka gudun da faɗi da zurfi, sannan a rage kashi 20 cikin 100 saboda ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba. Na biyu tsayin faɗuwa, wanda ake aunawa da tiyo mai haske cike da ruwa, irin na magina. Lita 50 a daƙiƙa da faɗuwar mita 4 suna ɗauke da kusan wat 2,000. Mafi sauƙin gini shi ne mai kwantacciyar ƙafa, wato da'irar da ruwa yake juyawa, irin na duwatsun Atlas a Maroko da na ƙasar Nepal: kwararo ya harbo ruwa kan fukafukan itace, sanda ɗaya a tsaye ta ɗauki juyin kai tsaye zuwa dutsen sama, ba giya ko ɗaya. Yana cin moriyar kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na ƙarfin ruwan, ya niƙa kilo 10 zuwa 20 a awa. A Nepal sun sauya fukafukan itace da na ƙarfe masu siffar cokali, niƙan ya ninka. Mai tsayayyiyar ƙafa wadda ruwa yake zubo mata ta sama ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kamar yadda injiniya John Smeaton ya auna a Ingila a 1759, ya samu tana cin kusan kashi 60 cikin 100, wadda ruwa ke tura ta ta ƙasa kuwa wajen kashi 20. Sai dai tana bukatar giya da masassaƙi gwani.

Masu kashe shi sanannu ne. Rashin raga a bakin magudana yana kawo ganye da reshe su toshe kwararo. Rashin ramin da rairayi zai kwanta kafin kwararo yana cinye fukafukai. Gina ɗaki ƙasa da alamar ambaliya, wadda tsofaffin wurin suka sani sarai in an tambaye su, yana gamawa da shi a damina ɗaya. Itacen da ke cikin ruwa ya kasance ƙirya ko maɗaci, azarar ɗaki kuma giginya. Kada a bar ƙafa rabi a ruwa rabi a rana na tsawon watanni, gefe ɗaya zai yi nauyi ta riƙa tsalle. Dutsen sama da na ƙasa ana tsaga musu layuka daga tsakiya zuwa baki, in na sama ya juya sai layukan su gitta juna kamar almakashi, su yanka hatsi su tura gari waje. Ba a barin su su juya babu hatsi, domin suna cin juna, su yi zafi, su ba da tartsatsi a ɗakin da ƙurar gari ta cika. Hatsin da aka surfa kuma sai ya bushe ƙarau, in ba haka ba ya cike layukan ya dame. Tun kafin a sa fartanya a yi magana da lamido da jauro da makiyaya da masu lambu, a nuna musu cewa ruwan yana komawa rafi ba a rage shi ba.

Dutsen niƙa na gida shi ne namu na asali, shi ne kuma aka fi rainawa. In ya yi santsi ana koɗa shi da makoɗi, ana ɗan bubbuga fuskarsa har ta yi kaushi, sannan a fara niƙa dusa a zubar domin ta kwashe tsakuwa, in ba haka ba haƙori ne zai ji a tuwo. A duwatsun Mandara akwai ramukan niƙa a jikin fa, kuma masu binciken tarihi suna karanta zaman mutane daga gare su. Nicholas David ya wallafa bincike a kan na Sukur a 1998, shekara guda kafin Sukur, da ke ɓangaren Najeriya, ta shiga jerin UNESCO. A namu ɓangaren, kufan Diy-Gid-Biy sun shiga jerin a 2025. Wanda ya tsinci tsohon dutse a kufai, don Allah ya bar shi inda yake, kada ya wanke shi da sabulu ko ya goge da burushin waya. A cikin ƙofofin dutsen akwai ɓurɓushin hatsi da ɗakin bincike zai iya gane ko dawa ce ko gero aka niƙa, kuma da an ɗauke shi daga mazauninsa rabin labarinsa ya tafi.

Jigo har yanzu yana aiki a kwarurrukan Kanem a Chadi. Gwafa biyu, sanda a gicciye, doguwar sanda a kai, guga a dogon hannu, curin laka a gajeren. In dogon hannu ya ninka gajeren sau uku, gugan lita 12 yana son nauyin da ya kusa kilo 36, a riƙa ƙara laka ana ragewa har mai lambu ya zama ƙasa yake jan guga wofi, cikakke kuma ya taso kusan da kansa. Ya fi daɗin aiki a zurfin mita 2 zuwa 3.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba mu ce iyayenmu mata su koma durƙuso kan dutse tun asuba ba, wahala ce da Allah ya yaye. Fanfon hasken rana ma alheri ne. Amma in na'urarsa ta ƙone sai a jira kaya daga Duwala ko Kano, fanfon iska kuwa maƙeri da baduku da mai walda na gari sun ishe shi, kuma yana aiki da dare.

Abin da ya fi gaggawa shi ne rubutawa, kuma wayar hannu da tef ɗin awo sun isa. A ɗauki hoto ta fuska huɗu da sanda mai tsawon mita ɗaya a jiki, a ɗauki lambar wurin daga taswirar waya, a kwafe duk rubutun da ke jikin wutsiya da akwatin giya, a auna faɗin fanka da zurfin rijiya. Sannan a zauna da wanda ya fi kowa tsufa a wurin, a naɗi muryarsa: wa ya kafa, wa ke gyarawa, yaushe ya tsaya, me ya tsayar da shi. A naɗi waƙoƙin niƙa daga bakin tsofaffin mata da izininsu, da Hausa da Fulatanci da Mafa da duk harshen da aka samu. A ajiye kwafi a wuri uku. Wajen gyara kuma, duk abin da aka cire a sa masa lamba a adana, kada a yi walda a inda noti yake, domin wanda zai zo gyara nan gaba sai ya fasa kafin ya kwance.

Kamaru tana da dokar kare kayan gado tun Afrilun 2013. Muna kira ga wakilan Ma'aikatar Fasaha da Al'adu a Garwa da Marwa da Ngaundere su sa waɗannan kaya cikin ƙidayarsu. Jami'ar Marwa da Jami'ar Ngaundere su ba ɗalibansu na injiniya da na tarihi wannan aiki a matsayin binciken kammala karatu, kowace makarantar sana'a kuma ta ɗauki fanfo ɗaya ta tayar da shi, ta riƙa kula da shi shekara-shekara. Masu martaba lamidai da jaurawa su hana yanka kowace hasumiya sai an auna ta an ɗauki hotonta. Kai kuma Malam Edita, muna roƙon ka ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata, inda masu karatu daga Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya za su aiko hoton irin wannan kaya da sunan garin da yake da halin da yake ciki, domin makanikan da ke kusa su san inda za su nufa.

Wassalam.

Mu ne naka,
Wasu makanikan fanfon ruwa, maƙera da malaman koyar da sana'a,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru.